Godiya bayan ziyarar jirgin Cutty Sark

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, mun kai yaranmu Greenwich da ke Landan ranar Asabar don ganin tsohon jirgin ruwan nan Cutty Sark, mun dawo gida lafiya. A madadin iyayen da suka shirya fitar, ina gode wa duk wanda ya sa hannu.

Iyayenmu mata, Allah ya saka da alheri, dambun naman nan ko azahar bai kai ba. Matasan da suka yi ta fama da ƙananan yara a jirgin ƙasa, sannunku da ɗawainiya.

Godiya ta musamman ga dattijon da ya zagaya da mu, wanda bai gaji da tambayoyin yara ba. Shi ya ba su labarin yadda aka ƙera jirgin a Dumbarton ta Sikotland a 1869 don ɗauko ganyen shayi daga Sin, ba inji, iska ce kawai ke tura shi. A shekarar kuma aka buɗe mashigin Suez, jirage masu inji suka sami gajeriyar hanya suka ƙwace kasuwar. Sai ya koma jigilar gashin tumaki daga Ostareliya, kafin a sayar wa 'yan Fotugal a 1895. Tun 1954 yake ajiye a Greenwich.

Inda yaran suka yi tsit shi ne labarin gobarar 21 ga Mayun 2007, ana tsakiyar gyara. Da yake jirgin na da sauran kwana, an riga an kwance katakansa da yawa an kai ajiya, wuta ba ta same su ba. Masu gyara suka mai da su mazauninsu a jikin ƙarafan asali, suka ɗaga jirgin sama wajen mita 3, Sarauniya Elizabeth ta sake buɗe shi a Afrilun 2012. Akwai masu sukar rumfar gilashin da aka kewaye shi da ita, wai ta ɓata masa fasali. Daga waje kam suna da gaskiya. Amma da muka shiga ƙarƙashinsa, cikinsa na ƙyalli kamar sabuwar tasa, wata 'yar shekara shida ta riƙe hannun babarta gam tana tambaya ko ba zai faɗo mana ba.

Hotuna na nan tafe. An bar wata jar hular sanyi a wurina, mai ita ya yi magana. Allah ya bar zumunci.