Wa ke riƙe da ƙofa ta 9050?

Tor, wato manhajar ɓoye adireshin mutum a intanet, iri biyu nake amfani da su a kwamfuta ɗaya: Tor Browser don buɗe shafuka, da Tor na tsarin na'ura wanda ke aiki a bayan fage domin sauran manhajoji su bi ta cikinsa. Na kuma haɗa da Privoxy, wani furoksi, wato ɗan aike tsakanin manhaja da intanet, saboda akwai manhajojin da ba su jin SOCKS, yaren da Tor ke ji, furoksin HTTP kaɗai suka sani. Dukkansu a adireshi ɗaya suke zaune, 127.0.0.1, wato na'urar kanta. Abin da ya raba su shi ne lambar ƙofar da kowa ke sauraro, wadda masu harkar ke kira fot. Lambobin sun kai 65535, amma a ƙa'ida manhaja biyu ba sa tsayawa a ƙofa ɗaya. Wadda ta riga tashi ita ke da wurin.

Rikicin farko mai hayaniya ne. Na rubuta nawa fayil ɗin torrc, wato fayil ɗin saitin Tor, na tayar da Tor da hannu, nan take ya mutu. Ya ce ya kasa kama 127.0.0.1:9050, "Address already in use", har da tambayar ko dama akwai wani Tor da ke aiki. Akwai kuwa. A Debian da Ubuntu, da zarar ka girka Tor ta apt, tsarin zai tayar da shi da kansa, kuma haka zai riƙa yi duk lokacin da aka kunna na'urar. Ba laifin kowa ba ne, haka aka tsara shi.

Umarnin da ya nuna mini haka shi ne sudo ss -tlnp. Yana jero duk ƙofar da ake sauraro, da sunan manhajar da ke riƙe da ita, da lambarta. Kada a bar sudo ɗin nan. Idan babu shi za ka ga ƙofar a kame amma gurbin suna fayau, domin Tor na tsarin yana gudana ne da sunan debian-tor, ba da sunanka ba. Wanda ya fi sabawa da lsof sai ya buga sudo lsof -i :9050, amsar ɗaya ce.

Kashe shi da kill ba magani ba ne, gobe in ka kunna na'ura yana nan. Ko dai ka dakatar da shi da systemctl stop tor, ka hana shi tashi da systemctl disable tor, ko ka bar shi ka canja wa naka wuri. Ni na biyun na ɗauka: na sa SocksPort 9060 a torrc ɗina, na ba shi DataDirectory nasa daban, domin Tor biyu ba sa yarda su haɗa ma'ajiya ɗaya.

Shi Tor Browser bai shiga wannan faɗan ba. SOCKS ɗinsa a 9150 yake, ƙofar sarrafa shi 9151, na tsarin kuma 9050 da 9051. Da gangan aka raba su don su zauna tare lafiya. Sai dai daga nan ne ruɗani ke zuwa: mutum ya buɗe Tor Browser, ya ga yana aiki, ya je ya saita wata manhaja a 9050 alhali babu mai sauraro a can. Ko ya saita ta a 9150 ta yi aiki, yana rufe burauzar ta tsaya cik.

Duk waɗannan da sauƙi, tunda suna kuka ka ji. Wanda ya tayar mini da hankali shiru ya yi.

Privoxy a 8118 yake zama in ba a taɓa shi ba. Wata manhaja da nake son ta bi ta Tor an riga an saita ta a 8080, sai na mayar da listen-address na Privoxy can. Na sake tayar da shi, na gwada, shafuka suka buɗe. Har da sauri, saurin da ya fi wanda na saba gani, alhali bayanan Tor sai sun ratsa sabar uku kafin su fita. Saurin ne ya sa na tsargu. Da na duba da ss, ashe wata manhajar furoksi ta gwaje-gwaje ce zaune a 8080 tun kafin zuwansa. Privoxy ya kasa kama ƙofar ya mutu a bayan fage, bayanin yana can cikin systemctl status privoxy inda ba wanda ya leƙa. Ita kuwa waccan tana karɓar duk abin da aka miƙa mata tana fitar da shi kai tsaye da adireshina na gaskiya. Kamar ka ba ɗan aike wasiƙar sirri a bakin ƙofa cikin duhu, ashe wani ne ya miƙo hannu, kuma ya kai ta.

Lambobi irin su 8080, 1080 da 3128 kowa yana rububinsu: Squid a 3128 yake sauka, masu buɗe SOCKS da ssh -D sun saba da 1080, 8080 kuwa ba a magana. Na daina ajiye duk wani abin sirri a kansu. Na mayar da Privoxy 8118, manhajar ce na gyara wa saiti.

Tun daga nan buɗewar shafi ba ta gamsar da ni. Tambayar da nake yi ita ce ta ina ya bi. Ina buga curl --socks5-hostname 127.0.0.1:9060 https://check.torproject.org/api/ip, in ga IsTor ya nuna true, sannan in maimaita ta Privoxy da curl -x http://127.0.0.1:8118. Gwaji na biyun yana da muhimmanci, domin Privoxy sabon girki ba ya miƙa komai ga Tor sai ka buɗe layin forward-socks5t a fayil ɗin saitinsa, kuma lambar da ke layin dole ta dace da SocksPort ɗinka. Na canja zuwa 9060, to nan ma sai an canja. Shi kuma --socks5-hostname, amfaninsa a bar Tor ya nemo adireshin shafin. Da --socks5 zalla, na'urarka ce za ta yi tambayar DNS a fili, mai ba ka intanet ya ga sunan inda za ka.

In ka ga shafin da ke cewa wannan furoksin SOCKS ne ba na HTTP ba, ƙofar lafiya take, kuskuren shi ne an rubuta lambar Tor a gurbin HTTP maimakon gurbin SOCKS.

A Windows na taya wani abokin aiki irin wannan binciken. Can netstat -ano | findstr 9050 ake bugawa, a ɗauki lambar da ke ƙarshen layi a nemo mai ita a Task Manager. Nasa bai nuna kowa ba, amma ƙofar ta ƙi kamuwa. Windows yakan keɓe jerin lambobi ya ajiye wa Hyper-V da abubuwan da suka dogara da shi, kuma netsh interface ipv4 show excludedportrange protocol=tcp ne ke fito da su. Lambarsa ta faɗa cikin ɗaya daga jerin. Muka zaɓi wata a waje, muka rubuta ta a torrc da saitin manhajarsa, Tor ya tashi.