Ƙofar Hanci Ɗaya Ce Ta Toshe

Kawuna kafinta ne a Argungu. Shekara 31 yana yanka madaci da madobiya, yana haɗa ƙofofi da gadajen amare. In ka shiga rumfarsa da hantsi, ƙurar katako ce ke fara gaishe ka, jawur, kwance a gira da gemun kowa. Shi ya sa da ya fara ja da majina a tsakiyar hunturu babu wanda ya ɗaga kai. Hazo ya sauka, rabin gari na tari. Inna ta haɗa masa sirace, aka sayo maganin mura a kemis, aka ci gaba da harkoki.

Hunturu ya wuce, zafi ya shigo, murar tana nan daram. Abin da ba mu lura da shi ba, kuma har yau yake ci mini rai, shi ne ƙofar hanci ɗaya ce tak ta toshe, ta dama. Ta hagu lafiya lau. In ya fyace sai a ga jirwayen jini a hankici, wani lokacin haɓo sosai, kullum ta wannan ɓangaren. Muka ɗora wa zafin rana laifi.

Daga nan turminsa na sama ya fara girgiɗi. Wani mai cire haƙori ya fizge shi, ya ce shi ke nan. Ramin ya ƙi warkewa. Wata rana ina zaune kusa da shi yana alwala, sai na ga ya tsaya yana latsa kuncinsa da yatsa. Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya ce, "Ɗiyata, wanga kunci kamar ba nawa ba. Ina zuba ruwa, ban jin sanyinsa." Idon daman kuma yana ta hawaye ba kuka ba. A ranar na kafe sai mun tafi Birnin Kebbi, daga can aka ba mu takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Likitan ya jawo takarda ya zana mana fuska. Ashe ƙashin fuskar mutum ba cunkus yake ba, akwai koguna na iska, kashi 4, kowanne hagu da dama: a kumatu, a goshi, a tsakanin idanu, da wani can ciki bayan hanci. Na kumatun ya fi girma, kuma a nan ciwon dajin wannan yanki ya fi tsirowa. Rufinsa shi ne daɓen da ido ke zaune a kai, ƙasansa kuwa saiwar haƙoran sama ce. Nan take komai ya haɗu a kaina, haƙori da ido da kunci duk maƙwabtan ɗaki ɗaya ne. Kuma da yake ɗakin fanko ne, ƙari yakan samu filin girma shiru, sai ya cika ya fara tunkuɗa bango kafin mai shi ya ankara. Ciwo ne da ba a cika samu ba, galibin toshewar hanci mura ce ko borin jini. Amma wadda ta liƙe wa gefe ɗaya ta ƙi jin magani, da jini, likitan ya ce wannan sai an leƙa.

Aka fesa wa Kawu maganin kashe zafi, aka zura siririn bututu mai fitila da kyamara ta hancinsa, muna kallo a allo. Aka yi hoton CT don a ga inda ƙashi ya cinye, aka ƙara da MRI don a ga ko abin ya kai ga ido ko ya doshi ƙwaƙwalwa. Duk da haka likita bai furta sunan ciwon ba sai da aka gutsuro ɗan nama aka kai ɗakin awo. Sakamakon ya nuna daji ne na fatar da ta shimfiɗe cikin kogon, mataki na 3 cikin 4.

Na tambayi ko katako ne. Ya ce tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi, ƙurar fata ta masu aikin takalma ma tana cikin irin waɗannan abubuwan. Sai dai irin na katako ya fi kama kogon tsakanin idanu, ga shi Kawu ya daɗe yana shan taba kafin ya bari, don haka ba zai rantse a kan abu ɗaya ba.

Rigimar ta gida ce ta fi wuya. Dangi suka taso da maganar nan ta "daji ba ya son ƙarfe", wai in wuƙa ta taɓa shi sai ya fantsama. Ni dai a ganina wannan magana ta binne mutane da yawa, domin sai an gama shafe-shafe da jiƙe-jiƙe ake kai mara lafiya asibiti, lokacin da aiki ya riga ya ɓaci, sannan a ce ai ga shi ƙarfe ya kashe shi. Kawu da kansa ya raba gardamar. Ya ce shi ya san gara, in ta shiga katako sassaƙe wurin ake yi. Muka sayar da shinkafar da muka noma a fadama, ƙannensa suka cika.

An cire wani ɓangare na muƙamuƙinsa na sama haɗe da rabin ganɗa, aka tsira da idon. Likitan haƙori ya ƙera masa ganɗar roba mai haƙora wadda ke toshe gurbin, in ba haka ba ruwa ta hanci zai riƙa fitowa, magana ma ba za ta fita daidai ba.

Bayan rauni ya kame sai gashi, wato haska wurin da na'ura don ƙone ragowar dajin, Litinin zuwa Juma'a, mako 6 da 'yan kwanaki, ana haɗa masa da kemo, maganin daji da ake bayarwa ta ƙarin ruwa. Kafin a fara sun jiƙa wata raga ta roba a ruwan ɗumi, suka kifa masa a fuska har ta sandare da siffarsa. Kullum da ita ake ɗaure kansa a gado don kada ya motsa. Da ya fito ranar farko ya ce, "Yau Bakabe ya faɗa homa." Shi gashin na'urar ba ya zafi, mintuna kaɗan ne. Wahalar a mako na 3 ta zo, baki ya bushe ƙamas, ya yi gyambo, ɗanɗano ya ɗauke. Sai kunu mai ruwa-ruwa da fura da aka tace, cokali-cokali, Inna na lallashi.

Yanzu duk bayan 'yan watanni muna komawa Sakkwato a sake zura kyamarar. Ya daina riƙe zarto, yana zama a bakin rumfa da buta kusa da shi saboda bushewar baki. Jiya na tarar ya tsare wani sabon yaron shago da ya sauke takunkumi zuwa haɓa yana gogar ƙofa. Bai yi masa faɗa ba. Ya sa yatsa ya zare ganɗar robar, ya buɗe baki ya nuna masa, ya mayar da ita, ya ce a miƙo masa butarsa.