Daren da Muka Hau Dutsen Ɗuri

A watan Janairu ne, mun gama jarrabawar zangon farko, sanyin Alƙahira na ratsa ƙashi. Abokina Badamagare, wanda muke ɗaki ɗaya da shi a Madinatul Bu'us, masaukin baƙin ɗaliban Azhar, ya ce mu je yankin Sina mu ga Dutsen Ɗuri, wanda ake cewa a nan Allah Ya yi magana da Annabi Musa (AS). Tun muna makarantar allo muke biya "wa ɗuri sinina", ga shi yanzu tafiyar yini guda ce tsakaninmu da wurin. Ban yi masa musu ba. Masana sun yi saɓani kan ko wannan ne ainihin dutsen, amma shi mutane suka fi sani, Larabawan yankin kuma Jabal Musa suke kiransa.

Tafiyar ta kai kimanin kilomita 450. Muka bi ta ramin Ahmad Hamdi da ya ratsa ƙarƙashin mashigin Suwez, muka gangara kudu, teku a hannun dama, ta Ras Sidir da Abu Zanima da Abu Rudais. Shingayen jami'an tsaro ba su da iyaka, a kowanne sai an karɓi fasfo an duba. Da muka karya kwana muka shiga Wadi Firan, inda itatuwan dabino suka cika tsakanin jajayen duwatsu, sai na gaya wa abokina cewa a gindin dutsen akwai gidan ruhubanawan Kirista, wato masu keɓe kansu domin ibada, wanda ake kira Santa Katrin, kuma ina so mu leƙa.

Ya juyo ya kalle ni. "Malam, ni fa dutsen Annabi Musa na zo gani. Coci kam ba zan shiga ba."

Na yi shiru, domin na san daga inda maganar ta fito. Ni ɗan Kaduna ne. Ina yaro aka yi rikicin shekarar 2000, na ga yadda gari ɗaya ya tsage biyu, kogi ya zama iyaka, maƙwabtan da muke karɓar abincin Kirsimeti daga hannunsu suka kwashe kaya suka haye gada. A unguwarmu kalmar "arne" ita ce zagi na farko da yaro ke koya, na kuma tabbata a can ƙetaren gadar su ma suna da tasu kalmar a kanmu. Na iso Masar da wannan miki a zuciyata, ban taɓa zama na tambayi kaina ba ko addinina ne ya koya mini shi ko kuwa titi.

Ƙarfe biyun dare muka fara hawa. Ba a barin baƙo ya hau shi kaɗai, sai da ɗan jagora daga ƙabilar Jabaliyya. Namu saurayi ne siriri, ya naɗe kansa da rawani, yana tafe cikin duhu kamar a tsakar gidansu. A wata rumfar shayi da muka tsaya muka ɗumama hannu, ya ba mu tarihin mutanensa: Sarkin Rum Jastiniyan ne ya kawo kakanninsu domin su yi wa gidan ruhubanawan hidima da gadi, daga baya suka musulunta, amma ba su bar aikin ba. Har yau su ke kula da lambuna, su ke jagorantar baƙi, su ke tsaron ƙofa. Abokina ya tambaye shi, shin ba ya jin wani iri, yana Musulmi yana yi wa masu gicciye aiki? Saurayin ya ɗaga kafaɗa, ya ce su da addininsu, mu da namu, amma ruwan rijiya ɗaya muke sha.

Hanyar raƙuma tana ƙarewa ne a wani ɗan fili, daga nan sai matakala 750 na dutse, kowa da ƙafarsa. A nan numfashi ke gagarar mutum. Muna cikin hawa, fitilun hannu na ta walƙiya gaba da baya, ana jin Rashanci da Koriyanci da Larabci, sai muka ji wata murya a gefen hanya:

"Wayyo gwiwata. Yesu ka taimake ni."

Da Hausa. A Sina, ƙarfe huɗun asuba.

Abokina ne ya fara tsayawa. Ya haska ƙasa, ba fuskarta ba, ya ce, "Sannu Mama." Wata dattijuwa ce zaune a kan dutse, ta rufa da zane biyu da rigar sanyi, jaka a cinyarta. Ta ɗago da sauri. "Kai! 'Ya'yana, Hausawa a nan?" Daga Filato take, cikin ayarin masu ziyarar Kirista da suka shigo ta Ɗaba, garin da ke kan iyakar Masar, bayan sun fito daga Ƙudus. 'Yan'uwanta sun yi gaba, ta ce su tafi kada ta hana su ganin fitowar rana. Abokina bai ce komai ba, ya miƙa mata sandar da ya saya a gindin dutse, ya rataya jakarta a kafaɗarsa. Ni ina gaba da fitila, shi yana bayanta. Kowane taki goma sai mu tsaya. Tana hawa tana sa mana albarka, tana ba mu labarin jikokinta da gonarta ta dankali.

A ƙololuwar dutsen, mita 2,285 daga doron teku, gini biyu ne ƙanana, ɗan coci da ɗan masallaci, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce 'yan taku ba. Muka yi taimama saboda ruwan gorarmu ya ƙare, muka yi sallar Asuba, haƙora na karo da juna. A waje mutanen Mama suna rera waƙar addu'a a hankali. Na tuna a wannan yanki aka ce wa Annabi Musa ya cire takalmansa domin yana kwari mai tsarki. Bayahude yana cewa Musa nasa ne, Kirista haka, mu kuma babu annabin da Alƙur'ani ya fi yawan ambaton sunansa kamar shi. Rana ta fito, duwatsun suka koma ja kamar garwashi.

Da hantsi muka sauko, ƙarfe tara aka buɗe ƙofar gidan ruhubanawan. Katangar dutse ce mai kauri, an gina ta tsakanin shekarar 548 da 565, wato kafin a haifi Manzon Allah (SAW). Ruhubanawan na cocin Girka ne, baƙaƙen riguna, dogayen gemu. Abin da ya fara tsayar da ni shi ne hasumiya biyu a jere: ta ƙararrawa, da kuma farar hasumiyar masallaci. Masallaci ne a tsakiyar gidan, tun zamanin daular Faɗimiyyawa da ta mulki Masar, a shekarar 1106. Ba zan ce tarihin duk nono da zuma ba ne. Kimanin shekara ɗari kafin nan, a 1009, Halifa Alhakim ya sa an rushe babban cocin Ƙudus, kuma akwai masu ganin cewa masallacin nan ya zame wa ruhubanawan garkuwa daga sarakuna irinsa. Sarakunan Musulmi sun sha yin adalci, wasu kuma sun yi zalunci. Amma gidan yana nan, sama da shekara 1,400 ana ibada a cikinsa ba a daina ba, galibin shekarun nan a ƙarƙashin mulkin Musulmi.

A ɗakin kayan tarihi na ga takardar da na daɗe ina jin labarinta, mai zanen tafin hannu a jikinta. Ruhubanawan sun ce kwafin alƙawarin da Annabi (SAW) ya ba su ne, ainihin takardar kuma Sarkin Usmaniyya Salim na ɗaya ya tafi da ita Istanbul a 1517. A ciki an ce kada a tsige limamin coci daga muƙaminsa, kada a fitar da ruhubani daga ɗakin ibadarsa, kada a rushe coci ko a kwashi kayansa a gina masallaci, kuma Kirista da ta auri Musulmi kada a hana ta zuwa cocinta. Masana tarihi suna jayayya a kan ingancinta, abokina ma nan take ya ce, "Ina isnadinta?" Gaskiyarsa. Na ce masa mu ajiye takardar gefe, mu dubi abin da babu jayayya a kansa. A Suratul Hajji, da Allah Ya lissafa wuraren da za a rushe ba don Yana kare mutane da mutane ba, ɗakunan ruhubanawa Ya fara ambata, sannan coci-coci, sannan wuraren ibadar Yahudu, sannan masallatai. A Mumtahana Ya ce bai hana mu kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba kuma ba su kore mu daga gidajenmu ba. Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunar da ya tura Sham wasiyya su ƙyale waɗanda suka killace kansu a ɗakunan ibada. Kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya kashe wanda aka yi wa alƙawarin aminci ba zai ji ƙamshin Aljanna ba.

Abokina ya ce, "To ayar Ma'ida fa, da ta ce sun kafirta waɗanda suka ce Allah na ukun uku ne?" Na ce tana nan daram, ban kuma zo in goge ta ba. Ni ban yarda da abin da Mama ta yarda da shi game da Annabi Isa (AS) ba, ita ma ba ta yarda da nawa ba. Sai dai a surar nan dai aka halatta mana abincin Ma'abota Littafi da auren matansu masu kamun kai, a cikinta kuma aka yabi malamai da ruhubanawan Kirista da cewa ba su da girman kai. Hukuncin aƙida daban, haƙƙin ɗan'adam daban. Annabi (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka gaya masa ko wane ne, ya ce ashe ba rai ba ne? Ko a ƙasar Hausa, malamanmu na dā sun ba wa waɗanda ba su karɓi Musulunci ba suna Maguzawa, daga Majusawa, suka zauna da su cikin amana suna biyan jiziya. Masu zubar da jini da sunan addini kuwa ba su ƙyale Musulmi ba: masu ɗauke da makamai da suka harbe ɗan sanda a shingen da ke kusa da gidan nan a watan Afrilun 2017, irinsu ne suka kashe sama da masallata 300 a masallacin Rauda da ke arewacin Sina a watan Nuwamba na shekarar.

Muna fitowa muka sake cin karo da Mama kusa da koren ɗan itacen da ruhubanawan ke cewa a nan Annabi Musa ya ga wuta. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙuli-ƙuli a leda, tun daga gida ta taho da shi. Abokina ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya gutsura. Ta ce za ta shiga coci ta yi addu'a, ko zai riƙe mata jakar?

Bai shiga ba, kamar yadda ya faɗa tun a mota. Ya tsaya a bakin ƙofa cikin rana, jakarta a kafaɗarsa, sandarsa a hannunta, har ta fito. Ta ce, "Ɗana, na sa ku a addu'a, Allah Ya ba ku sa'ar karatu." Ya ce, "Amin Mama, Allah Ya kai ki gida lafiya." Ta tambaye shi ko ta mayar masa da sandar, ya ce ta tafi da ita, akwai sauran tafiya kafin inda motarsu take.