Mahaukatan likitocin tsofaffin finafinan Ingila, da wanda ya ɓata mini rai

Tsofaffin finafinan ban tsoro na Ingila ba za su hana kowa barci ba a yau. Jinin ciki ja ne jawur kamar fenti, dodon kuma sau da yawa dariya zai ba ka. Duk da haka na bi su ɗaya bayan ɗaya a hutun da na samu, musamman na kamfanin Hammer, kuma akwai guda ɗaya da har yanzu raina ke ɓaci in na tuna shi.

Likitan ne ya riƙe ni. A The Curse of Frankenstein na 1957, wanda Terence Fisher ya ba da umarni, Christopher Lee ne dodon, amma idona na kan Peter Cushing, wanda ya fito a Frankenstein, likitan da ya haɗa dodon daga sassan gawarwaki. Siririn mutum ne tsaf-tsaf, mai ladabin magana, da wuya ya ɗaga murya. Yana cikin aiki a kan gawa sai ya goge jinin hannunsa a jikin kwat ɗinsa, ko lura bai yi ba. Ya kulle 'yar aikin gidansa a ɗaki ɗaya da dodon don kada ta tona masa asiri, sai ga shi a teburin karin kumallo yana cewa a miƙo masa abin shafa wa burodi. Shi a ganinsa aikin ilimi yake yi, mutane kuma kayan aiki ne.

The Flesh and the Fiends na 1960 ya fi dama mini lissafi, domin labarin ya faru da gaske. A 1828, a birnin Edinburgh na Scotland, Burke da Hare sun kashe mutum 16 suna sayar wa Dakta Robert Knox gawarwakin don koyar da ɗalibai. An rataye Burke, likitan kuwa ko kotu ba a kai shi ba. Sai a 1832 aka yi dokar da ta tsara yadda makarantun likitanci za su riƙa samun gawa. Cushing ne dai Knox, yana biyan kuɗi, ba ya tambayar inda aka samo.

Aibu kam akwai. Tsakiyar fim kan yi sanyi, a yi ta surutu a falo. Da yake kuɗi kaɗan ne, gini ɗaya na sutudiyon Bray, inda Hammer ke ɗaukar finafinanta a lokacin, za ka yi ta gani, an sauya masa labule kawai. A dajin da aka ce dare ne, ga hasken rana nan ƙuru-ƙuru. Dodon The Evil of Frankenstein na 1964 kuwa, kansa kamar kwali aka manna, ko yaro ba zai ruɗu ba. Mata yawanci ihu da suma ne aikinsu. Duk wannan na yafe, har ma yana ba ni nishaɗi.

Wanda ban yafe ba shi ne Frankenstein Must Be Destroyed na 1969, kuma abin haushin shi ne ya fi su duka kyau. Frankenstein ya kama wani matashin likita da budurwarsa Anna da laifin sayar da ƙwayoyin asibiti, ya mai da su bayinsa. Akwai inda bututun ruwa ya fashe a lambun gidan, ruwan ya tono gawar da suka binne, hannunta na ta lilo a sama, Anna ita kaɗai tana jan ta cikin taɓo kafin maƙwabta su gani. Akwai kuma mutumin da aka dasa ƙwaƙwalwarsa a jikin wani, ya koma gida yana yi wa matarsa magana ta bayan shamaki don kada ta ga fuskar da ba ta sani ba. Nan ne kaɗai na ji ƙwalla a duk finafinan nan.

Ni da mai ɗakina muke kallo. Ana cikin haka, ba gaira ba dalili, likitan ya shiga ɗakin Anna ya yi mata fyaɗe. Mai ɗakina ta dube ni ta ce, "Haba maigida, wannan kake ta yabo?" Ta tashi, kuma ba ta sake zama kallon ko ɗaya ba. Mutumin da ke magana a bayan shamakin ma ba ta kai gare shi ba.

Daga baya na gano cewa wurin ba ya cikin ainihin labarin. Shugaban kamfanin Hammer ne ya sa a cusa shi ana dab da gama ɗauka, don a ƙara wa fim ɗin kasuwa, alhali Cushing da Veronica Carlson da ta fito a Anna duk ba su so ba. Shi ya sa bayan wurin babu wanda ya ƙara ambatonsa, ita kanta Anna sai ka ce ba abin da ya same ta. Kuma ya saɓa wa halin mutumin: wanda ba ya ganin komai sai aikinsa, me ya kai shi?

In za ka kalla, fara da na 1957, ka bi da The Revenge of Frankenstein na 1958, inda yake yanke gaɓoɓin talakawa a asibitin da ya buɗe musu kyauta. Na 1969 kuwa ka fara duba shi kai kaɗai, ka san daidai inda za ka tsallake kafin ka gayyaci kowa.