Rigakafin shan inna da ikon uba a kan jikin ɗansa

Duk lokacin da aka tayar da maganar tilasta wa mutane yin rigakafi, Kano ce take fara zuwa mini a rai. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu, iyaye da yawa kuma suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Wanda ya ga wannan da idonsa, bai kamata a kira shi jahili ba don ya yi ɗari-ɗari da allurar da aka kawo masa kyauta.

Sai dai da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon shan inna a 2003, kafin a dawo da shi a watan Yulin 2004 da maganin da aka samo daga Indunusiya, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20. A nan ne hujjar cewa jikin mutum nasa ne take yi mini rauni, domin uban da ya ƙi ba ƙafarsa ce za ta shanye ba, ƙafar jaririn da bai iya magana ba ce, da ta ɗan maƙwabcinsa.

Duk da haka, na fi yarda da lallashi a kan barazanar ɗauri. Sarakuna da malamai, waɗanda suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu maganin a bainar jama'a, su ne suka sa iyaye buɗe ƙofofinsu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.