Kallon Kotun Monroeville Daga Bene

Ina shekarar farko ta karatun aikin lauya na sayi littafin To Kill a Mockingbird a wajen wani mai baza tsofaffin littattafai a bakin titi, bangonsa a yage, wani ya riga ni ja wa layukansa jan biro. Tun daga lokacin Atticus Finch, lauyan nan farar fata da ya tsaya wa baƙar fata a gaban shari'a, ya zauna mini a rai, har nakan ce shi ne malamina na farko a wannan sana'a. Saboda haka da tafiya ta kai ni Atlanta a watan Oktoba, na sauka a gidan ɗan yayata, ban nemi a kai ni ko'ina ba sai Monroeville ta jihar Alabama, garin da aka haifi marubuciyar, Harper Lee, a 1926, kuma a nan ta rasu a 2016.

"Kawu, kowa ya zo ƙasar nan New York yake tambaya, kai kuma ƙauye kake so a kai ka," in ji shi yana dariya. Duk da haka ya ɗauki hutun kwana ɗaya, muka kama hanya bayan sallar asuba.

Shi ya dage sai mun yada zango a Montgomery, kuma daga baya na gane hikimarsa. A can akwai wurin tunawa da baƙaƙen fatan da taron jama'a suka yi wa kisan gilla ba tare da shari'a ba, wanda aka buɗe a 2018. Ginshiƙan ƙarfe ne masu tsatsa, sama da 800, kowanne na wakiltar gunduma guda, an zana sunayen waɗanda aka kashe a jikinsa, mutum fiye da 4,400 tsakanin 1877 da 1950. Da farko ginshiƙan suna daidai fuskar mai kallo, amma yayin da mutum ke tafiya sai ƙasa ta riƙa gangarawa, har ya tsinci kansa yana ɗaga kai yana kallonsu a rataye a samansa. Mun fito babu mai ce wa wani uffan. A cikin littafin ma akwai daren da wasu manoma suka zo gidan yari domin su fitar da Tom Robinson, baƙar fatar da Atticus ke karewa kan zargin fyaɗe, su kashe, suka tarar da Atticus zaune a ƙofa da fitila da jarida, kuma ba hujjar lauya ce ta watsa su ba, gaisuwar 'yarsa Scout ce, wadda ta gane ɗaya daga cikinsu ta tambaye shi labarin ɗansa, abokin karatunta, kunya ta kama shi. Ginshiƙan nan sun nuna mini yawan dararen da babu yarinyar da ta zo.

Daga Montgomery zuwa Monroeville kimanin kilomita 160 ne, dazuzzukan itacen katako da manyan motoci masu jigilar gungume, sai gonakin auduga da suka yi fari fat. Garin bai wuce na mutum 6,000 ba, kuma tsohuwar kotun da aka gina a 1903 tana tsakiyarsa da hasumiyarta mai agogo. Yanzu gidan tarihi ce. Gidan su Harper Lee an rushe shi tuntuni, wani ɗan shagon abinci ne a wurin, ba mu ɓata lokaci a kansa ba.

Ɗakin shari'ar yana hawa na biyu, kuma duk wanda ya ga fim ɗin 1962 zai ji kamar ya taɓa shigarsa, domin shi aka kwaikwaya aka gina a Hollywood. Na nufi teburin lauyoyi kai tsaye, na dafa shi, na juya ina fuskantar kujeru goma sha biyu na masu taya alƙali yanke hukunci, ina tuna yadda Atticus ya warware ƙaryar da aka ƙulla. An daki Mayella Ewell, farar budurwar da ta zargi Tom da fyaɗe, a ɓangaren dama na fuskarta, abin da ke nuna bahago ne ya yi dukan. Ubanta Bob Ewell bahago ne. Shi kuwa Tom hannunsa na hagu ya shanye tun yana yaro, injin gurzar auduga ya cinye shi. Ko ɗan koyo ya san an gama shari'a a nan. Amma Tom ya yi kuskure guda, da ya ce tausayin yarinyar ne ya sa yake taya ta aiki, kuma a Maycomb, garin da labarin ya faru, a shekarun 1930 baƙar fata ya ce yana tausayin farar mace laifi ne da ya fi wanda ake tuhumarsa da shi girma. Aka same shi da laifi, daga baya masu gadin kurkuku suka harbe shi har sau 17 da ya yi yunƙurin gudu.

Ina cikin wannan tunani ne ɗan yayata ya leƙo daga bene ya ce, "Kawu, hawo nan, ai mu nan ne wurinmu." Da wasa ya faɗa, amma maganar ta soke ni. Na bi matsattsen matakalar katako na hau, na zauna a bakin barandar da ta kewaye ɗakin, inda a littafin aka keɓe wa baƙaƙen fata. Shekaru kusan talatin ina karanta labarin nan ina sa kaina a rigar Atticus, ban taɓa kawo wa raina cewa da a wancan zamani na zo garin, ko kusa da teburin da na dafa ba za a bar ni in je ba. Daga sama ana ganin komai, kan alƙali da na shaida da na wanda ake tuhuma, sai dai mai kallo ba shi da ta cewa. Wurin da ya fi sa masu karatu hawaye shi ne inda mutanen bene suka miƙe tsaye domin girmama Atticus yana fita bayan ya faɗi shari'ar. Da na zauna a nan sai na ga ɗacin da ke ciki: an yanke wa ɗan'uwansu hukuncin kisa, kuma rawar da labarin ya ba su ita ce godiya.

Ba ina nufin littafin ya zube a idona ba. Har yanzu ina ganin ma'anar da ya ba jarunta ta fi ta yawancin littattafai gaskiya, domin Atticus bai nuna wa ɗansa Jem mai riƙe da bindiga a matsayin jarumi ba, ya nuna masa tsohuwa Dubose, masifaffiya mai zagin baƙaƙen fata, wadda ta ƙudurta sai ta rabu da maganin kashe zafin da ya zame mata jaraba kafin ta mutu, ta kuwa rabu da shi. Shiga abu alhali ka san an riga an kayar da kai, shi ne jarunta a wurinsa. Haka nan yaran sun yi hankali a idon mai karatu: Jem ya yi kuka ranar hukunci don ya ɗauka hujja ta isa, Scout kuma ta wayi gari maƙwabcinsu Boo Radley, wanda suka mayar dodo, shi ne ya cece su daga wuƙar Bob Ewell. Abin da benen ya ƙara mini shi ne lura da cewa yaran Finch ne suka girma, Tom ne ya biya kuɗin karatun.

Duk shekara da bazara mutanen garin kan yi wasan kwaikwayon labarin a wannan ɗaki, a zaɓo fararen fata maza goma sha biyu daga cikin 'yan kallo su zauna su sami Tom da laifi. A wannan garin kuma, a 1986, shekara 26 bayan fitowar littafin, aka kashe wata budurwa farar fata a shagon wankin kaya, a 1987 aka kama wani baƙar fata mai sana'ar sare itace, Walter McMillian, wanda aka san ya yi hulɗa da wata farar mace. Mutane da dama sun shaida cewa a lokacin yana gida wajen suyar kifi ta coci. An mayar da shari'ar wata gunduma, aka gama ta cikin kwana ɗaya da rabi a 1988, masu taya alƙali suka ba da shawarar ɗaurin rai da rai, alƙali ya mayar da shi kisa. Sai a 1993 aka sake shi, kuma wanda ya tsaya masa baƙar fata ne, lauya Bryan Stevenson, wanda ƙungiyarsa ce ta gina wurin ginshiƙan da muka gani da safe. Na fita daga kotun ina ta kallon shagunan da suka sa sunan Mockingbird, tsuntsun da ke cikin sunan littafin, a allunansu, ina tunanin cewa cikin waɗanda suka yarda da laifin McMillian ba za a rasa masu alfahari da Atticus ba.

Da la'asar ta yi na ciro dardumata daga mota, ina neman inuwa a gefen filin kotun. Ɗan yayata ya dafa hannuna a hankali ya ce, "Kawu, a bari mu hau babban titi tukuna, akwai wurin hutawa a gaba." Babu wanda ya yi mana kallon banza a garin duk yinin, matar da ta sayar mana da tikiti ma har tambayata ta yi yadda ake furta sunana daidai. Na buɗe baki zan faɗa masa haka, sai na ga yadda yake duba madubi yana daidaita takardun motarsa a inda hannu zai kai ba tare da lalube ba. Na naɗe dardumar, na shiga na zauna.