Jar fitilar da na raina tsakanin Koko da Yawuri

Cikin watan Afrilu ne, lokacin da zafi ke sa kwalta ta yi laushi. Na yi lodin albasa a Aliero zan kai Mile 12 a Legas, a DAF ɗin da na shekara huɗu ina biyan kuɗinta kaɗan-kaɗan. Mun wuce Jega, mun wuce Koko lafiya lau. Da na sassauta ƙafa zan tsallake wani rami, sai jar fitilar baƙin mai, mai hoton buta, ta ƙyafta. Na taka totur ta ɗauke. A rami na gaba ta sake.

Yarona ya ce, "Oga, mu tsaya mu duba." Muka tsaya, na zaro sandar awo. Mai a cike yake, har ya ɗara layin sama kaɗan. Na ce to, sensa ce ta lalace, mu lallaɓa zuwa Yawuri. Albasa ba ta son jira a rana, mai kaya kuma sai kira yake. Ko kilomita 20 ba mu yi ba na ji ƙara daga ƙasan inji, ƙwas-ƙwas, kamar maƙeri na dukan ƙarfe. Kafin in gangara gefen titi inji ya riga ya buga.

Bakaniken da aka ɗauko mana daga Yawuri dattijo ne. Bai taɓa sifana ba tukuna. Sandar nan ya zaro, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya shinshina, ya miƙo mini hancina. Warin gas ne zalla.

"Ɗana," ya ce, "man ga ya koma ruwa. Ina ka taɓa ganin mota ta ƙara ma kanta mai?"

Ashe nozul ɗaya ce, cikin masu fesa gas a silinda, ke ɗiga. Gas ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa ta jikin silinda ya haɗu da baƙin mai, ya tsinka shi, ya kuma ƙara masa yawa. Cikar da ta kwantar mini da hankali ita ce alamar ciwon. Ya bayyana mini cewa karanshaf, ƙarfen nan da ke juyawa a ƙasan inji, ba ya taɓa metal, wato ƙarafan da yake zaune a kansu, idan inji na da lafiya. A kan wani siririn shimfiɗin mai yake juyawa, wanda bai kai kaurin gashi ba, kuma famfon mai ne ke turo masa man. Injin ne ke juya famfon, shi ya sa idan mai ya tsinke fitila ke fara ƙyaftawa lokacin da aka saki totur. Da aka kwance farantin ƙasa, na ga garin ƙarfe yana ƙyalli cikin man. Metal biyu sun narke, karanshaf ya zage. Aka yi juyen albasa zuwa wata mota, mai ruɓewa ta ruɓe, tawa kuma ta kwanta mako shida.

Da ta tashi, abu na farko da na sa mata shi ne geji mai allura, wanda aka ja masa bututu kai tsaye daga inji. Fitila sai ƙarfin mai ya kusa ƙarewa take magana, allura kuwa tana nuna maka yana raguwa tun makonni kafin nan. Na zauna na koyi halin motata: da sanyin safiya allura na kai 5, idan ta yi zafi a kan gudu tsakanin 3 da 4, a tsaye kuma wajen 1.5. Na rubuta a kwali na manna kusa da sitiyari. Kowace mota da nata lissafin, kada wani ya ɗauki nawa.

Na ƙara ƙararrawa mai tsananin ƙara, don da rana tsaka jar fitila ba ta ganuwa sosai. An ba ni shawarar na'urar da ke yanke gas ta kashe inji da kanta. Na daɗe ina juya maganar, saboda inji ya mutu da lodi a gangare, sitiyari ya yi tauri, iskar birki ta daina taruwa, wannan wata masifar ce. Na yarda ne bayan an saita ta ta fara kururuwa, ta ba ni 'yan daƙiƙu in kauce daga titi.

Sauran duk ɗabi'a ce. Kullum da asuba, kafin in tayar, a wuri mai daidai, ina duba sanda, in murza, in shinshina. Baƙin mai 15W-40 nake zubawa, cikin jarka mai hatimi. Na daina sayen na duro a bakin hanya, haka filta mai araha. Da hunturu, ƙura ta yi yawa, ba na jiran lokacin juyen mai ya cika. Idan na tayar, ba na taka totur sai allura ta hau.

Bara, dab da Kontagora, ƙararrawar ta kama ihu da tsakar dare. Na gangara na kashe nan take. Yarona ya haska tocila, sai ga mai na tsartuwa daga bututun da ke kai wa turbo, ya tsage. Da gari ya waye aka canja shi, muka cika mai, na tayar, allura ta hau 5. Washegari muka sauke albasarmu a Legas.